Ashe Da Af Da Wai

Yara, kowace magana da mutum zai faɗa tana da inda ta fito, kamar yadda kowane ruwa da ke cikin randa yake da inda aka ɗebo shi. Wani ruwan na rijiya ne, wani na rafi, wani na sama, wani kuwa na kududdufi. In sun kwanta a moɗa sai ka ga kamar duk ɗaya ne, amma uwar gida mai hankali ba ta ba ɗanta ya sha sai ta san ko na ina ne.

To, haka magana take. Wata mutum da idonsa ya ga abin da yake faɗa. Wata a bakin wani ya ji. Wata kuwa bai gani ba, bai ji ba, alama ya duba ya auna da hankalinsa. Wata kuma ya san ta tun da, ta kwanta masa, sa'an nan ta faɗo masa a rai. Hausa tana da waɗansu 'yan ƙananan kalmomi waɗanda aikinsu ke nan su nuna wa mai sauraro ta wace hanya magana ta zo. Ga kaɗan daga cikinsu: ke nan, lalle, ƙila, ashe, af, ai, wai. Ba wanda zai iya nuna muku "ashe" a kasuwa kamar yadda zai nuna akuya ko tulu. Duk da haka in aka cire su daga magana, sai zance ya rikice, har wani lokaci a zalunci wanda bai ji ba bai gani ba. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Gane abu da alama

Baba ya fito da asuba zai tafi masallaci, sai ya ga ƙasa a jiƙe, ga kuma ruwa yana ɗiga daga indararo. Ya ce, "An yi ruwa da dare ke nan." Baba barci yake yi sa'ad da ruwan ya sauka, bai ga ko ɗigo ɗaya ba. Yaya aka yi ya sani? Abu biyu ya haɗa. Na fari, abin da idonsa ya gani yanzu, watau jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na biyu, abin da ya riga ya sani, watau indararo ba ya ɗiga sai an yi ruwan sama. Da ya haɗa su sai na uku ya fito. Wannan "ke nan" da ya sa a ƙarshe, ita ke nuna haɗawa ya yi ya fitar.

Mutanen karkara gwanaye ne a wannan fanni. Manomi in ya ga shamuwa ta iso tana gyara sheƙa, ya ga gawo ya fara kaɗe ganyensa, sai ya ce damina ta kusa, ya shiga gyaran gona. In hadari ya haɗu a gabas, mata sukan kwashe shanya tun iska ba ta taso ba, domin sun san a ƙasar Hausa daga gabas ruwa ya fi zuwa. Makiyayi in shanunsa suka ɓace, yakan bi sawu, in ya tarar da kashinsu bai bushe ba, sai ya ce, "Ba su yi nisa ba." Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Amma fa alama hawa hawa ce, wata ta fi wata ƙarfi. Saboda haka kalmomin ma hawa hawa suke. In alama ta yi ƙarfi ƙwarai, mutum yakan ce "lalle" ko "ba shakka". In tsaka tsaki ce, sai ya ce "da alama" ko "ina jin". In kuwa mai rauni ce, sai ya ce "ƙila" ko "mai yiwuwa". Ku duba waɗannan: "Lalle Malam ya zo, ga kekensa can a gindin darbejiya." "Da alama Malam ya zo, na ji ajinmu ya yi tsit." "Ƙila Malam ya zo, rana ta ɗaga." Labarin ɗaya ne, amma nauyinsa ya bambanta, kuma mai gaskiya yakan zaɓi kalmar da ta yi daidai da nauyin alamarsa.

Abin da ba a faɗa ba

A cikin zancen mutane ma muna bin alama, domin sau da yawa abin da ake nufi ya fi abin da aka furta. Inna ta leƙa randa ta ce, "Ruwa ya ƙare." Ba ta aiki kowa ba, amma yarinya mai tarbiyya sai ta tashi ta ɗauki tulu. Baƙo ya dubi inuwa ya ce, "Kai, rana ta yi." Mai gida ya gane tafiya yake so ya yi, sai ya ce, "Tun yanzu? Bari a taka maka." Mace tana hira ta ce, "Yaron nan ya rubuto wasiƙa," ba ta ambaci suna ba. Duk matan da ke wurin sun san ɗanta na fari take nufi, domin sun san al'adar kunyar ɗan fari. In kun je gai da mara lafiya, kullum amsar da za ku ji ita ce, "Da sauƙi," ko da ciwon ya tsananta. Mai hankali sai ya dubi masu jinya, gama labarin zuciya a tambayi fuska.

Wani lokaci mutum yakan gane abu, amma bai tabbata ba ko ganewar tasa daidai ce. Akwai dabara mai kyau da Hausawa ke yi a nan, watau su mayar da abin da suka gane ya zama tambaya. Ƙane ya ce wa wansa, "Yaya, gobe za ka kai ni kasuwa?" Wan ya ce, "Gobe muna da gayya a gonar Kawu." Sai ƙanen ya ce, "Watau ba za mu je ba ke nan?" Kun ga ya ajiye abin da ya gane a gaban mai maganar domin ya duba. In daidai ne wan ya ce, "Haka ne." In kuwa kuskure ne ya ce, "A'a, da la'asar za mu je, in mun taso." Da ƙanen ya yi shiru ya tafi yana fushi, da ya yi fushin banza.

Ashe da au

Akwai kalmomin da ke nuna cewa abin da ke cikin kan mutum ya sake a nan take. Babbarsu ita ce "ashe". Kaka ta ji sallama a zaure, ta ɗauka mai tallan mai ne. Da ta ga jikanta ne ya dawo daga makaranta, sai ta ce, "Au, ashe kai ne, mai gidan!" Da wannan "ashe" ta gaya masa abu biyu: da ba ta sani ba, yanzu kuwa ta sani. Shi ya sa ba a cewa "ashe" a kan abin da aka daɗe da sani. In wanda kuke kwana ɗaki ɗaya da shi ya ce maka, "Ashe kana nan," ka san ko wasa yake yi, ko kuwa gugar zana.

In sabon labari ya warware wani abu da ya daɗe yana damun mutum, sai ka ji ya ce, "Shi ya sa!" Misali a ce maƙwabci ya kwana uku bai fito dandali ba, sai aka ce ai ya tafi ganin gida. Baba ya ce, "Shi ya sa na ga ƙofarsa a rufe." In abu ya zo daidai da zaton da ake yi, a ce biri ya yi kama da mutum. In kuwa alamu ba su haɗu ba, ana jin akwai wani abu a ɓoye, a ce da walakin, goro a miya, ko kuwa ruwa ba ya tsami banza.

Yadda muke nuna mun tuna

Mantuwa halin ɗan Adam ce, kuma tunawa ba ta sallama kafin ta zo. Mutum na cikin zancen hatsi sai saƙon da aka ba shi tun safe ya faɗo masa. In ya yanke zancen hatsi haka kawai ya kama na saƙo, sai abokin hirarsa ya rikice, ko ya ga an raina maganarsa. Saboda haka sai ya ce, "Af! Na tuna, Gwaggo ta ce in gaishe ka." Wannan "af" ta yi aiki biyu. Ta buɗe wa sabon zance ƙofa, ta kuma nuna cewa sha'afa ya yi, ba ɓoye saƙon ya yi da gangan ba.

Akwai wata 'yar kalma da ta fi "af" ƙanƙanta, ita ce "ma". Ku gwada waɗannan biyu: "Yaya sunanka?" da "Yaya ma sunanka?" Ta fari tambayar baƙo ce wanda ba a taɓa gani ba. Ta biyu kuwa cewa take yi, "Na san ka, an taɓa gaya mini sunanka, kwanta mini ya yi." Wanda aka yi wa tambaya ta biyu ba ya jin an wulaƙanta shi. Haka kuma malami in ya shigo aji yakan ce, "A ina ma muka tsaya jiya?" In aka gaya masa sai ya ce, "Yauwa!" Wannan "yauwa" alama ce abin da ake nema ya samu.

In suna ya ƙi zuwa, mai magana ba ya tsayawa cik. Yakan ce "wane", ko "wance", ko "abin nan", ya riƙe wurin da su har sunan ya zo. Sau da yawa yakan nemi taimako: "Mutumin nan mai jan jaki, wanda muka gamu da shi a bakin rafi." Ku lura da "nan" ɗin da ke jikin "mutumin nan". Mutumin ba ya kusa, balle a ce nuna shi ake yi da yatsa. Abin da ake nufi shi ne, "Ni da kai duk mun san shi, lalubo shi a cikin kanka."

"Ai" kuwa ita ce ta tuna wa wani abin da ya kamata a ce ya sani. Yaro ya ɗauki jaka ran Lahadi zai tafi makarantar boko, Inna ta ce, "Ai yau Lahadi ce." "Da ma" tana nuna abu ya daɗe a zuciya: "Da ma ina son ganinka." Sai dai a yi hankali wajen tuna wa manya abu. Yaro ba ya ce wa kakarsa, "Kin manta." Sai ya rusuna ya ce, "Kaka, kamar dai ran Laraba ce, ko?" Ya gyara mata, amma ya bar mata girmanta.

Tsofaffi suna da wata hanya ta taimakon juna wajen tunawa, watau su ɗaure ƙaramin abu a jikin babba. Ku saurari hirarsu za ku ji ana cewa, "An haife shi shekarar zuwan Sarauniya." Sarauniyar Ingila ta zo Nijeriya a 1956, har aka yi mata hawan daba a Kaduna. Wani ya ce, "Na yi aure shekarar da motoci suka koma hannun dama," watau 1972. Wani ya ce, "A'a, ai bayan canjin kuɗi ne," watau 1973, sa'ad da aka bar fam da sule aka kama naira da kobo. Iyayenku kuma sukan ambaci husufin rana na watan Maris 2006, wanda ya ratsa Gana da Nijeriya da Nijar. In Kaka ta ce ta haifi 'yarta damina biyu bayan canjin kuɗi, kuna iya lissafawa ku ce, "A 1975 ke nan, ko kusa da haka." Kun ga tunawa da auna alama sun haɗu a wuri ɗaya.

Wai

Saura wadda ta fi su duka haɗari in ta faɗi a hanya, ita ce "wai", da 'yan'uwanta "an ce" da "in ji wane". Mai cewa "wai" yana gaya maka cewa dako ya ɗauko, kayan ba nasa ba ne, bai kuma kwance ya duba ba.

Ga misali. A ce alƙalamin wani yaro ya ɓace a aji. Yaro na fari ya ce, "Na ga wane ya tsaya kusa da jakar." Wannan gani ne, gaskiya ce kuma. Na biyu ya ce, "Ƙila shi ya ɗauka." Wannan zato ne. Na uku ya gaya wa abokinsa, "Wai wane ne ya ɗauka." Na huɗu ya sheƙa wurin malami ya ce, "Malam, wane ya saci alƙalami!" Kafin a tashi, duk makaranta ana nuna wane da baki, shi kuwa yana gefe yana kuka. Da aka zo shara sai ga alƙalamin a ƙarƙashin benci. To, wa ya yi ƙarya? Kowannensu zai rantse bai ƙaga kome ba. Abin da ya faru shi ne, "ƙila" ta faɗi tsakanin na biyu da na uku, "wai" kuma ta faɗi tsakanin na uku da na huɗu. Kalmomi biyu ƙanana suka zube, aka mai da mai gaskiya ɓarawo. Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, mai suna Frederic Bartlett, ya gwada wannan abu, ya buga sakamakon a littafinsa na 1932. Yakan ba mutum ɗaya labari ya karanta, shi kuma ya rubuta abin da ya tuna a ba na biyu, na biyu ya rubuta a ba na uku, haka haka. Sai ya ga labarin yana ta gajarcewa, abubuwan da mutanen ba su saba da su ba suna zubewa, ko kuwa su juye su koma irin waɗanda suka saba da su. Watau tunanin mutum ba kamar rubutun allo yake ba, wanda za a tarar yadda aka bar shi. Duk sa'ad da aka tuno abu akan yi masa ɗan ciko. Domin haka mai hankali yakan ce, "In ban manta ba," ko "Iyakar sanina."

Magabata sun san wannan haɗari tun da daɗewa. Malaman hadisi irin su Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, watau 870, ba su karɓar magana sai an jera musu sunan kowane mutum da ta bi ta bakinsa. Sa'an nan su bincika ko kowannensu mai gaskiya ne, mai kuma ƙarfin riƙe abu a ka. Suratul Hujurat, sura ta 49 a Alƙur'ani mai girma, ta yi horo da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma yi gargaɗi a kan yawan zato. A cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, kuwa akwai misalin auna alama ta hanyar da ta dace. Sa'ad da aka yi masa ƙazafi, wani mai shaida ya ba da shawara a duba inda rigarsa ta yage. Aka tarar ta baya ne, aka gane gudu yake yi aka jawo shi, gaskiyarsa ta fito. Har gobe alƙali yakan tambayi mai shaida, "Da idonka ka gani, ko ji ka yi?" Gama gani ya kori ji.

A zamanin nan abin ya ƙara nauyi. Da, jita-jita da ƙafa take tafiya, daga bakin rijiya zuwa kasuwa. Yanzu kuwa saƙo ɗaya a wayar hannu yana iya zuwa daga Kano har Kumasi kafin a gama cin tuwo, kuma sau da yawa ba a san wanda ya fara rubuta shi ba.

A waɗansu harsuna

Kada ku zaci Hausawa kaɗai ke da irin wannan. A harshen Turkiyya, in mutum ya ga zuwan wani yakan ce "geldi". In kuwa ji ya yi, ko takalmansa ya gani a bakin ƙofa, sai ya ce "gelmish". A harshen Kecuwa na ƙasar Peru, can Amurka ta Kudu, akan liƙa "mi" a jikin kalma in mai magana ya tabbata da kansa, "si" in ji ya yi, "ca" in zato yake yi. Turawan Ingila suna da "oh", wadda take aiki kusan irin na "au" da "af", har wani masani mai suna John Heritage ya yi dogon rubutu a kanta ita kaɗai a 1984. Ko'ina a duniya mutane suna so su san inda magana ta fito kafin su dogara da ita.

To, yara, duk sa'ad da za ku ba da labari, musamman wanda ya shafi mutuncin wani, ku tambayi kanku tukuna: gani na yi, ko ji na yi, ko aunawa na yi, ko kuwa tunowa nake yi? In ji kuka yi, ku ce "wai", ku faɗi wanda ya gaya muku. In aunawa kuka yi, ku ce "da alama", ku faɗi alamar. In aka ba ku magana da "ƙila" a jikinta, ku isar da ita da "ƙilarta". Yaron da ya saba da haka tun yana ƙarami, in ya girma ya ce "na gani", ba mai neman ya rantse.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi huɗu da magana ke zuwa bakin mutum.
2. Mene ne bambancin "Yaya sunanka?" da "Yaya ma sunanka?"
3. A labarin alƙalami, waɗanne kalmomi ne suka faɗi a hanya, kuma a bakin wa?
4. Shirya jimla uku, ɗaya da "lalle", ɗaya da "da alama", ɗaya da "ƙila".
5. Tambayi wani tsoho a gidanku shekarar da aka haife shi, ka rubuto babban abin da ya ɗaure ta a jikinsa.